Amsa ga ɗan ƙanena a kan bindigar marigayi

Ɗana, saƙonka ya iske ni a Mai Wurno ta ƙasar Sudan bayan la'asar. Ka ce magada sun yarda a sayar da bindigar nan Abu Ashara ta marigayi babanku a raba kuɗin, kuma wani mai saye a Gadarif ya jijjiga ta ya ce duk ta saki, a rage masa rabi. Kana tambaya ko a al'adarmu dole ne mai sayarwa ya faɗi duk ƙarar da kaya ke yi, ko kuwa ido na mai saye ne.

Tun kafin a kai ga wannan, kun tsallake abu ɗaya. Kayan uba irin su takobi da bindiga da alkyabba ba a fara kai su kasuwa. Ana yi musu kuɗi a gaban dattawa biyu, a tambayi 'yan ɗaki ko akwai mai so a saka masa cikin rabonsa. Sai kowa ya ce a'a sannan a kira dillali. Haka muka tarar a wajen iyayenmu, waɗanda nasu iyayen suka biyo ɗan Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gaɓar wannan kogi na Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Ka tambayi yayyenka tukuna, har da matan.

To, batun faɗa. Ana faɗa, ba don al'ada kawai ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma a fiƙihunmu na Malikiyya wanda ya gano aibin da aka ɓoye masa yana da ikon mayar da kaya. Sai dai ka rarrabe hali da aibi. Jaki mai kuka da asuba halinsa ne, jaki mai ɗingishi shi ne mai aibi. Mutumin naka ya ga yaro ne, ya kira hali da sunan aibi.

Na riƙe bindigar nan tun ba a haife ka ba. Ƙirar Ingila ce, Lee-Enfield, mai cin harsashi 10, shi ya sa Larabawan nan suka sa mata suna Abu Ashara, wato mai goma. Irinta sojojin Sudan suka riƙe lokacin da aka fitar da Italiya daga Kassala a 1941. In ka ja sakatarta baya za ka ji tana lilo hagu da dama. Haka aka ƙera ta, haƙoran da ke kulle ta suna can baya ne, kuma an bar mata sarari don kada ƙura ta riƙe ta. In ka tura sakatar gaba, dab da ƙarshe za ta yi maka gardama sai ka danna. A nan take ɗana kanta, ba a wajen buɗewa ba kamar Mauser ta Jamus, kuma wanda ya saba da waccan sai ya ɗauka wani abu ya lanƙwashe. Kunamar ma hawa biyu gare ta: ja na farko sakwa-sakwa, sannan ta tsaya, sannan ta saki. Duk wannan ka faɗa masa da bakinka, amma kada ka rage ko fam ɗaya a kai. In ya nace, ka ce albarka.

Aibin na gaskiya ba ya ƙara, shi ya sa mai jijjigawa bai same shi ba. Ka tabbata babu harsashi, ka zare sakatar, ka ɗaga bututun wajen haske ka leƙa. Ya kamata ka ga zane yana murɗawa fes har baki. In ciki ya yi duhu da ramuka kamar fuskar mai zanzana, tsatsa ta ci. Harsashin soja na da yana barin gishiri a ciki, don haka sojoji ke ɗura tafasasshen ruwa bayan harbi, kuma Allah ya jiƙan ƙanena, bai damu da wannan ba. Ka dubi lambar da ke jikin hannun sakata, ko ta yi daidai da ta jikin bindigar. In sun saɓa, an taɓa musanya ta, sai maƙerin bindiga ya auna. In akwai tsofaffin kwanso a cikin akwatinsa, ka duba ko sun tsage kusa da gindi. Kuma in an ɗana ta babu harsashi, aka buga gindin ƙotar a ƙasa ta saki da kanta, wannan ba ta sayarwa ba ce sam sai an gyara, don rai ake magana.

Akwai aibi ɗaya da na sani tabbas. Ƙirin da aka naɗe a gaban ƙotar ba ado ba ne. Itacen ya tsage shekarar da ta faɗo daga kan raƙumi a hanyar Sinnar, ni na riƙe masa ita yana naɗewa. Ka kwance shi a gaban mai saye da shaidu, ya gani da idonsa kafin ka ce ka sallama. A nan kam yana da haƙƙin ragi.

Shi mai sayen, wane ne? Tun da yaƙin nan ya ɓarke a 2023 ba kowane hannu ake miƙa wa ƙarfe ba. Lasisin da sunan marigayi yake. Ka je wajen 'yan sanda da takardar gado, shi ma ya zo da tasa takardar, a sauya suna a rubuce. Wanda ya ce a yi ta cikin dare ba tare da takarda ba, ko ninki ya ba ka, ka ba shi shayi ka raka shi ƙofa.

La'adar dillali a cire ta daga kuɗin kafin rabo, kowa ya ji. Ka kira ni ranar Juma'a bayan kun yi magana da yayyenka. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata ta kawar da akwatin harsashin daga inda jikoki ke wasa.