Garabasar banki ta hana ni taɓa kuɗina

Tambaya: Malam, bankinmu sun ce wanda ya bar kuɗi a akawun wata 3 zai shiga ƙuri'ar cin mota, wallahi tun ranar ko katin ATM ban taɓa ba. Na yi daidai?

Amsa: Ɗan'uwa ai abin da suke so kenan, kuɗinka ya kwanta su samu na ba da bashi su ci riba, mota ɗaya kuwa dubban mutane ke hanƙoronta. Ajiyar da ka koya ta yi min daɗi gaskiya, amma je ka karanta sharuɗɗan da kyau, ka duba cajin da suke cirewa duk wata, kuma don Allah kar ka ciwo bashi ko ka hana iyali buƙatarsu saboda ƙuri'a.