Filin Tambaya da Amsa: Idan Sinadari Ya Cutar da Ɓera, Mu Ma Zai Cutar da Mu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, nakan ji a labarai cewa an gwada wani sinadari a jikin ɓeraye an ga yana haddasa ciwon daji ko yana lalata haihuwa, sai kuma bayan wasu shekaru a ce ba shi da illa ga mutum. Yaya ake yin wannan gwaji, kuma har zuwa ina ya kamata mu yarda da sakamakonsa, tunda jikin ɓera dabam, na ɗan Adam dabam? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Dalilin komawa ga dabbobi shi ne babu yadda za a yi a ɗirka wa mutane abin da ake zargi da guba don a ga abin da zai same su, sannan ciwon daji yakan ɗauki shekara 20 ko fiye kafin ya bayyana a jikin mutum, alhali ɓera yana gama rayuwarsa cikin shekara biyu zuwa uku. Tun a 1915 masanan Japan biyu, Yamagiwa da Ichikawa, suka riƙa shafa wa zomaye kwaltar kwal a kunne wata da watanni har ciwon daji ya fito, suka nuna a karon farko cewa ana iya haifar da cutar da sinadari a ɗakin gwaje-gwaje.

A yau akwai tsarin da ƙasashe da yawa ke bi, wanda ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba ta ƙasashe, wato OECD, ta rubuta a ƙa'idarta mai lamba 451. Ana raba ɓeraye gida huɗu, kowane gida da maza 50 da mata 50 aƙalla. Gida uku ana ba su sinadarin a ma'auni ƙarami da matsakaici da babba, ta abinci ko ruwan sha ko iskar da suke shaƙa, na huɗu kuma ba a ba shi komai. Haka za a yi ta yi har kusan shekara biyu, ana auna nauyinsu, ana lalube jikinsu ko an ji ƙari. A ƙarshe a feɗe kowane ɗaya, a yanki hanta da ƙoda da huhu da mafitsara da sauran gaɓoɓi siriri-siriri, a duba su a madubin likita. Gidan da ba a ba shi komai ba shi ne ma'aunin gaskiya, domin tsohon ɓera yakan yi ƙari ko da ba a ba shi komai ba, saboda haka abin da ake nema shi ne ko ƙarin ya fi yawa a waɗanda aka ba sinadarin, kuma ko yana ƙaruwa gwargwadon ƙaruwar ma'auni.

Inda gardama ta fi zafi shi ne babban ma'aunin nan, wanda yakan ninka abin da mutum zai ci karo da shi sau ɗaruruwa ko dubbai. Masu gwajin suna da hujja. A ce sinadari yana jawo ciwon daji ga ɗaya cikin 1,000. Idan aka gwada shi a kan ɓeraye 50 mai yiwuwa ba za a ga komai ba, amma a cikin mutum miliyan 10 wannan ɗaya cikin dubun mutum 10,000 ne. Tunda ba za a iya tara ɓeraye dubbai ga kowane sinadari ba, sai a ƙara ma'auni don illar ta fito fili. Sai dai ma'aunin da ya yi yawa yana iya raunata gaɓa ta yi ta gyara kanta har ƙari ya tsiro, abin da ƙaramin ma'auni ba zai yi ba. Wannan ita ce sukar da masanan Amurka biyu, Bruce Ames da Lois Gold, suka yi wa tsarin a 1990, kuma a ganina tana da ƙarfi, ko da yake ba ta rushe gwajin ba.

Abin da kika ambata na sauya magana ya faru da sakarin, sinadarin da ake zaƙaƙa abinci da shi a madadin sukari. A shekarun 1970 an ga ƙari a mafitsarar ɓeraye, musamman maza, waɗanda aka ba su shi da yawan gaske, har a 1977 Amurka ta tilasta rubuta gargaɗi a jikin kayan da ke ɗauke da shi. Daga baya bincike ya nuna cewa yanayin fitsarin ɓera ne ke sa wasu 'yan tsakuwoyi su taru su riƙa gurzar bangon mafitsara, kuma hakan ba ya faruwa a fitsarin mutum. A shekarar 2000 aka cire shi daga jerin abubuwan da ake zargi, aka soke gargaɗin.

Amma kada wannan ya sa ki raina gargaɗin dabba, domin a ɓangaren haihuwa an sha wuya sosai saboda sakaci. Maganin talidomaid, wanda aka fara sayarwa a Jamus ta Yamma a 1957, mata masu laulayi sun sha shi da yawa, kuma kafin a janye shi a 1961 an haifi yara fiye da 10,000 da guntayen hannuwa ko ƙafafu da wasu nakasu. Da aka koma aka gwada shi a kan dabbobi masu ciki, ɓeraye ba su nuna irin wannan nakasa sosai ba, zomaye da birai ne suka nuna ta. Shi ya sa har yau gwajin lafiyar ɗan tayi ake yin sa a jinsi biyu, galibi ɓera da zomo. Ana ba uwaye kimanin 20 a kowane gida sinadarin tun daga shigar ciki, sai ana gab da haihuwa a ciro 'yan tayin, a ƙirga rayayyu da matattu, a auna su, a rina ƙasusuwan wasunsu da jan rini ta yadda za a ga haƙarƙarin da ya ɓace ko yatsun da suka manne. Akwai kuma gwaji mai tsawo da ake fara ba iyaye sinadarin kafin barbara, a ci gaba lokacin ciki da shayarwa, a bi 'ya'yan har su balaga, ana duba maniyyin maza da lokacin balagar mata. Maganin tsutsar ƙasa da ake kira DBCP ya nuna amfanin wannan ta hanya mai ɗaci: tun a 1961 aka buga binciken da ya nuna yana shanye marainan ɓeraye, amma sai a 1977 aka farga, bayan ma'aikatan wata masana'antarsa a Kalifoniya sun lura cewa haihuwa ta ɗauke musu.

Saboda haka idan kin ji irin wannan labari, ki nemi sanin yawan ma'aunin da aka bayar, da ko an ga illar a jinsi fiye da ɗaya, da ko hanyar da ta bi a jikin dabbar akwai ta a jikin mutum. Ki kuma lura cewa hukumar binciken ciwon daji ta duniya, wato IARC, da ke birnin Lyon na Faransa ƙarfin shaida take aunawa, ba girman haɗarin da mai amfani da abu yake ciki ba. A 2023 ta sa aspatem, wani sinadarin zaƙi da ake amfani da shi a madadin sukari, a rukunin 2B, na abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo ciwon daji, amma kwamitin masana na hukumar lafiya ta duniya (WHO) da hukumar abinci da aikin gona (FAO) ya bar iyakarsa a miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Irin wannan iyaka ana samo ta ne ta hanyar ɗaukar ma'aunin da bai yi wa dabba komai ba a raba shi da 100 bisa al'ada, 10 saboda bambancin dabba da mutum, 10 saboda bambancin mutane a junansu.

Tambaya: Malam, ashe babu wata hanya da za a huta da kashe dabbobin nan? Daga wani mai karatu.

Amsa: Akwai, Malam, amma ba ta kai ko'ina ba tukuna. Tun a 1959 Russell da Burch na Ingila suka shimfiɗa manufar maye gurbin dabba inda zai yiwu, da rage yawansu, da sauƙaƙa musu wahala. Gwajin Ames na shekarun 1970 yana amfani da ƙwayoyin bakteriya ya nuna cikin 'yan kwanaki ko sinadari yana ɓata ƙwayoyin gado, kuma Tarayyar Turai ta haramta sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabbobi tun 2013. Abin da ya rage da wuya shi ne ciki da shayarwa, domin har yanzu babu kwalba ko kwamfutar da za ta kwaikwayi uwa da mabiyiya da ɗan tayi suna aiki tare, kuma a nan ne hukumomi suka fi dagewa a kan gwajin dabba.