Kar ki canza gilashin, farcen ne

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce tun da aka manna miki farce don bikin yayarki Tecno ɗinki ta daina jin taɓi, har mai gyara ya ce sai an canza gilashi. Riƙe kuɗinki tukuna. Lalle da gyaran farce sana'ata ce a nan Zango, kuma ƙawayen amarya sun sha kawo min wannan kukan.

Wayoyin yanzu ba matsi suke ji ba, ɗan lantarkin jikin mutum suke ji ta fata. Farce kuwa, na haihuwa ko na roba, lantarki ba ya bin sa, ko za ki kwana kina ƙwanƙwasawa. Waɗanda suka riƙe Nokia 5800 za su tuna ana latsa ta da farce ko ɗan tsinkenta, amma ita wani iri ce daban, matsi take ji. Lanƙwasa yatsa ki taɓa da gaɓa. In ta amsa, lafiyarta lau.

Sai ki sake hannu. Kwantar da yatsa tsokar ta taɓa, farcen yana kallon gaba. Ƙara girman haruffa a Gboard, wato allon rubutu na waya, ko ki riƙa jan yatsa a kan haruffan maimakon danna ɗaya-ɗaya. A WhatsApp ma muryarki ta isa. Akwai biro mai kan roba na taɓa waya, masu kayan waya a kasuwar Dole kan samu.

Inda nake jin tsoro wajen kuɗi ne. Na ga wadda gefen yatsanta ya ƙara sifiri, jikka biyar ta koma hamsin, Allah ya so ta duba kafin ta tura. Lambar sirrin Airtel Money ma in kika yi ta kuskure toshewa za a yi. A nan kar ki yi sauri, ko ana jiranki.

Masu cewa farce na karce gilashi, bai kai shi tauri ba. Rairayin da ke maƙale ƙarƙashinsa ne ke ɓarnar, balle cikin hunturu. Bushewar fata ma na sa waya ta yi gardama, sai ɗan man kaɗanya, ki goge.

Batun alwala na bar wa malamai, ni dai na san ruwa ba ya ratsa na roba. In an watse biki, ko ba ki cire duka ba, rage tsawon na babban yatsa da manuniya.