Yadda Za A Kare Rumfar Jikin Mota Daga Ɓarnar Rana

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da mota ƙirar Hiace wadda nake zuwa cin kasuwannin ƙauye da ita, a gefenta akwai rumfar tamfol mai naɗewa. Ba ta cika shekara biyu ba, amma ta koɗe, ta kuma fara tsagewa ta wajen ɗinki. Mene ne abin yi? Daga wani mai karatu a Kurna, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ke cin rumfarka shi ne hasken ultrabayolet da ke cikin rana, wanda ido ba ya gani, sannan zafi ya taimaka masa. Tamfol ɗin roba yana ɗauke da wani sinadari mai sa shi laushi, kuma a bazarar Kano, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan kai digiri 40, sinadarin yana fita a hankali har robar ta sandare ta soma tsattsagewa. Zaren ɗinki kan riga tamfol ɗin mutuwa, shi ya sa ɓarnar ta fara maka daga can.

Inda mutane da yawa suke sakaci shi ne bayan an naɗe rumfar. Suna ganin ta tsira, alhali fallen da ke saman naɗin, wato ɓangaren tamfol ɗin da ke haɗe da jikin mota, yana nan cikin rana kullum, ko ana kasuwa ko ba a yi. A ganina nan ya fi cancanta ka kashe kuɗinka. Ka sa mai walda ya lanƙwasa maka murfin alminiyam, ko ka tsaga bututun roba ta tsawonsa ka kifa a kan naɗin, ka kuma riƙa ajiye motar a inuwa idan da hali.

Ƙurar hunturu ma tana goge fuskar tamfol idan aka naɗe ta a ciki, don haka ka kakkaɓe ta, ka wanke da ruwa da sabulu mara kaifi da burushi mai taushi. Kada ka kusanto da kalanzir ko fetur ko kaɗan, domin suna ƙara busar da robar. Bayan ya bushe sarai sai ka shafa maganin kariya daga rana, irin su 303 Protectant idan na roba ne, ka kuma bi umarnin da ke jikin kwalbar wajen maimaitawa.

Da damina kada ka naɗe rumfar da danshi, saboda funfuna, kuma da zarar hadari ya taso ka sauke ta, domin tamfol ɗin da rana ta riga ta gasa ba ya jure iskar farkon damina. Wajen da ya tsage kuwa, ka kai wa maɗinkin tamfol yanzu ya ɗora masa faci da zare mai jure rana, tun kafin tsagewar ta kai tsakiya.