Gasasshen naman Tailan: me ya sa nawa ya yi tauri, miyar kuma ta ƙi ƙamshi?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Da muka je Bankok da maigidana, mun ci wani gasasshen naman shanu da ake dangwala shi a wata miya mai yaji da tsami. Na gwada a gida sau biyu, naman ya yi tauri, miyar kuma babu wannan ƙamshin. Ina kuskurena yake?

Amsa: Wa alaikis salam 'yar'uwa. Abin da kika ci sunansa "suea rong hai", wato kukan damisa, miyar kuma "nam jim jaew". Asalinsu yankin Isan ne da ke arewa maso gabashin Tailan, kan iyaka da Lawos. A kan sunan, wasu na cewa kitsen da ke ɗiga cikin wuta ne ake kamantawa da hawayen damisa. Wasu kuma sun ce naman ƙirji da aka saba amfani da shi ne ke da taurin da zai sa ko damisa kuka. Kin ga ke nan matsalar tauri ba a kanki aka fara ba.

Bari in fara da miyar, don kusan na tabbata abin da kika rasa shi ne garin gasasshiyar shinkafa, wanda suke kira "khao khua". Ki zuba ɗanyar shinkafa cokali 2 a busasshen kasko, ba mai ba ruwa, wuta kaɗan. Ki yi ta juyawa kamar minti 10 zuwa 15. Za ki ga ta tashi daga fari ta koma ruwan zuma, ƙamshi ya cika kicin kamar ana suyar gyaɗa. Kada ki bar wajen, don tsakanin ta yi da ta ƙone ɗan lokaci ne ƙalilan. Idan ta huce ki daka a turmi, amma kada ta yi laushi kamar fulawa. Ana so a ji ɗan gurus-gurus a haƙori. Su shinkafa mai danƙo suke sa wa, amma ta gida ma tana yi.

Sai ki haɗa "nam pla" cokali 2, wato ruwan ƙananan kifi da aka jiƙa da gishiri na tsawon watanni, da ruwan tsamiya mai kauri cokali 1, lemun tsami cokali 1, dakakken busasshen barkono cokali 1, da ɗan zaƙi. Su sukarin kwakwa ko na giginya suke sakawa, ni kuwa mazarƙwaila nake sa wa, kuma tana zama daidai. Ki yanka ƙananan albasa da lawashi a ciki. Garin shinkafar sai dab da ci za ki zuba, in ba haka ba ya sha ruwan ya kumbura, miyar ta koma kunu. Warin nam pla kada ya tsorata ki, lemun tsami na kwantar da shi.

Naman kuma, ki samo mai ɗan kitse a jiki, a yanka miki shi da faɗi, kaurin kamar yatsa biyu. Rabin kilo ya ishe shi soya sos cokali 2, nam pla cokali 1, tafarnuwa, masoro da ɗan sukari. Ki jiƙa naman a wannan haɗin, awa 1 zuwa 2 a firji ya wadatar. Kada ki sa lemun tsami a jiƙon, yana busar da bayan naman.

Inda muke yawan kuskure shi ne mun saba da tsire da balangu, masu son a gasa su sosai. Wannan ba haka yake ba. Ki bari gawayi ya zama jan garwashi, harshen wuta ya mutu, sannan ki ɗora. Minti 3 zuwa 4 kowane gefe, cikin ya rage da ɗan ja-ja. In iyalinki ba sa son haka, ki matsar da shi gefen wuta ya ƙarasa a hankali.

Da kin sauke, ki bar shi ya huta minti 5 kafin wuƙa ta taɓa shi, don ruwansa ya zauna a ciki. Sannan ki duba yadda zaren naman ya miƙe, ki yanka shi a gicciye, sirara-sirara. Ki kawo da shinkafa mai danƙo, ɗanyen kabeji da kokwamba, miyar a ƙaramin kwano kowa ya dangwala.