Tambaya da Amsa: Wane ne El Santo, kuma me ya sa ƴan kokowar Meksiko ke rufe fuska?

Tambaya: Assalamu alaikum. Yarana sun ɗabi'antu da kallon kokowar Meksiko a salula, ƴan wasan duk fuska a rufe. Sun ce ubangidansu wani ne El Santo. Wane ne shi, kuma mene ne amfanin hular nan tasu? Daga wani mai karatu a Tahoua.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sunansa na yanka Rodolfo Guzmán Huerta. An haife shi a garin Tulancingo ran 23 ga Satumba 1917, ya sha gwada sunaye daban-daban a fage kafin ya fito da sunan El Santo a 1942, sanye da hular rufe fuska mai ruwan azurfa. A wasan nasu akwai ɓangaren mugaye masu ha'inci da na mutanen kirki masu bin doka. Da mugaye ya fara, farin jini ne ya mai da shi ɗaya ɓangaren. Ya fito a finafinai sama da 50, duka da hular a kansa.

Kada ka auna abin da kokowarmu ta Takobi, wadda aka fara a nan garinku a 1975. Mu da an kai mutum ƙasa zance ya ƙare. Su sai an danne kafaɗun abokin karawa alƙali ya ƙirga uku, ko shi da kansa ya ce ya sallama, kuma yawanci turmi uku ake yi, mai biyu ya ci. Wanda zai yi nasara an tsara shi tun kafin a shiga fage. Faɗuwar dai ta gaske ce, targaɗe da karaya ma haka, don haka a ja wa yara kunne kada su gwada tsalle-tsallen a tsakar gida.

Ita hular, ɗinkin da aka saba ƙyalle huɗu ne ake haɗawa, a zagaye ramukan ido da hanci da baki da fata ko leda mai kauri don kada su yage. Ta ƙeya ake ɗaure ta da igiya kamar takalmin ƙwallo, da wani harshe a ƙarƙashi mai hana igiyar cin gashi. A da da fata ake yi, ga zafi ga gumi. Yanzu yadi mai talewa ya fi yawa. In ta yi sako-sako sai ta juya ta rufe ido ana tsakiyar wasa, in ta matse numfashi ya yi wuya, shi ya sa ake auna kan kowa a ɗinka masa tasa. Wanda ya tuɓe wa abokin karawa hula da gangan, alƙali na ba ɗayan turmin nan take.

Inda abin ya fi zafi shi ne wasan caca: hula da hula, ko hula da gashin kai. Wanda aka kayar zai cire ta a gaban jama'a, a faɗi sunansa na gaskiya da garinsu, kuma hukumar wasan ba ta barinsa ya sake sa wannan hular. Da yawa kasuwarsu daga ranar take faɗuwa, don hular ce ake saye a bakin fili, ita yara suka sani. El Santo ya raba wani ɗan kokowa mai suna Black Shadow da tasa a 1952, shi kuwa ba wanda ya taɓa cin tasa har ya yi ritaya a 1982. Ko abinci zai ci cikin mutane, yana da wata mai buɗaɗɗen haɓa da yake sauyawa.

A Janairun 1984 ne ya ɗaga hular na ɗan lokaci a wani shirin talabijin, ya rasu ran 5 ga Fabrairu, aka binne shi da ita. Ɗansa ya gaji hular da sunan El Hijo del Santo, mai yiwuwa ma shi yaranka ke gani a bidiyoyin da suka fi haske.