Wata takwas ina fama da borin jini, gwaji kuma bai nuna komai ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Shekarata 34. Yau wata takwas ke nan jikina yana yin rudu-rudu kamar an zane ni da bulala, ga ƙaiƙayi mai hana barci. Sai ya fito a cinya da yamma, kafin gari ya waye ya ɓace, ya ɓulla a baya ko a hannu. Sau uku leɓena da fatar idona suna kumbura. Na daina cin ƙwai, kifi, gyaɗa da madara, na canza sabulu da man shafawa, har na rame, amma ba abin da ya sauya. An yi mini gwajin jini an ce lafiyata ƙalau. Idan abin ya tsananta nakan sha firednisolon kwana biyu ko uku ya lafa, da na daina sai ya dawo. Don Allah me ke jawo mini wannan? Wane gwaji ne ya rage ban yi ba? Ina kuma tsoron kada wata rana ya toshe mini numfashi.

AMSA

Wa alaikumus salam Malama, sannu da fama. Allah ya sawwaƙe.

Zan fara da maganar abinci, don ita ta fi damuna a wasiƙarki. Wanda jikinsa ba ya shiri da wani abinci da gaske, abin nasa yana da agogo. Ya ci gyaɗa, cikin 'yan mintoci, in an daɗe awa biyu, baki ya fara ƙaiƙayi, jiki ya tashi. Ya sake ci wata rana, ya sake tashi. Ya bari, shiru kake ji. Ke kuwa kin yi watanni ba ki kusanci waɗannan abubuwa huɗu ba, borin bai fasa fitowa ba. To ai kin riga kin yi gwajin da kanki, sakamakon kuma ya wanke su. Muddin babu wanda a cikinsu ya taɓa kumbura miki baki ko ya sarƙe miki numfashi nan take bayan kin ci, ki dawo da su ɗaya bayan ɗaya, da tazarar kwana biyu ko uku. Ramar nan ba ta saya miki komai ba.

Abin da kika kwatanta ya yi daidai da abin da muke kira borin jini mai naci wanda ke tasowa da kansa. Ma'auninsa shi ne ya wuce mako shida yana zuwa yana tafiya, kuma kowane tabo ya ɓace kafin awa 24 ba tare da ya bar shaida ba. Ba baƙon ciwo ba ne. Kimanin mutum ɗaya cikin ɗari yana fama da shi, mata kuma sun ninka maza wajen kamuwa, galibi tsakanin shekara 20 zuwa 40. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba kuma ƙazanta ke kawo shi ba.

A fatar kowa akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira mast, waɗanda Bajamushe Paul Ehrlich ya fara bayyanawa a 1878. Kowace cike take da ƙananan jakunkuna na sinadarai, jagoransu histamin. Da zarar ta zazzage su, ƙananan hanyoyin jinin wurin sai su buɗe, ruwa ya tsattsafo cikin fata, wurin ya taso, ƙaiƙayi ya biyo baya. Idan ruwan ya taru a sama-sama, shi ne rudu-rudun da kike gani. Idan ya taru can ƙasa inda nama ke da laushi, shi ne kumburin leɓe da fatar ido, wanda kan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ya saɓe. Ciwo ɗaya ne, zurfin ne ya bambanta.

A alaji irin wanda aka saba, wato rashin shirin jiki da wani abu, wani abu ne daga waje yake tsokanar ƙwayoyin nan, ta hanyar wani sinadarin garkuwa mai suna IgE. A irin naki kuwa, ga mutane da yawa tsokanar daga cikin gida take. Garkuwar jikin ce da kanta take ƙera abin da ke taɓa ƙwayoyin mast su fashe ba gaira ba dalili. Shi ya sa ake yawan samun wannan ciwo tare da matsalar tayirod, ƙullin nan na gaban wuya, wadda ita ma garkuwar jiki ce ke haddasa ta. Na san wannan bayani ba ya yi wa mara lafiya daɗi. Ɗan'adam ya fi son a nuna masa abu ɗaya a ce ga mai laifin, ka guje shi ka huta. Na sha ganin waɗanda suka zubar da katifa, suka rabu da kyanwa, suka koma cin abu biyu kacal, borin yana nan daram.

Saboda haka kada gwajin da ya fito lafiya ya karya miki zuciya. Haka ake sa ran ya fito. Abin da ya cancanci a duba kaɗan ne: ƙidayar ƙwayoyin jini, alamar kumburin ciki da ake kira CRP ko ESR, sai yawan IgE da gwajin tayirod in likita ya ga dama. Bayan waɗannan, labarin da kika bayar shi ke nuna ko akwai buƙatar ƙari. Ina gargaɗinki da gwajin nan mai tsada da ake tallatawa, wanda ake ɗibar jini a auna wani sinadarin garkuwa daban mai suna IgG a kan abinci ɗari ko fiye, a miƙo miki takarda da jan layi a ce duk ki daina ci. IgG ɗin nan yawanci shaida ce kawai cewa kin saba cin abincin. Ƙungiyoyin likitocin alaji na Turai da Amurka duk sun ce kada a dogara da shi. Ko gwajin IgE na gaskiya, idan aka yi shi barkatai ba tare da labarin da ya goyi bayansa ba, yakan nuna abin da mutum ke ci kullum lafiya lau.

Akwai gwaji guda da za ki yi a gida da biro. Da tabo ya fito, ki zagaye shi da layi, ki rubuta lokaci a gefe, ki ɗauki hoto. Gobe war haka ki duba. Idan cikin da'irar ya koma fata sumul, maganata ta tabbata. Idan kuwa tabon yana nan bayan kwana ɗaya ko biyu, yana zafi ko raɗaɗi fiye da ƙaiƙayi, ya kuma bar duhu kamar ƙujewa bayan ya tafi, musamman in akwai zazzaɓi ko ciwon gaɓoɓi, wannan wata magana ce daban. Yana iya zama kumburin hanyoyin jini, kuma sai an yanki ɗan ƙaramin fata an duba. Hotunan suna da amfani sosai, don wannan ciwo ya iya ɓuya ranar ganin likita.

Cewa babu mai laifi a waje ba ya nufin babu masu rura wutar. Na farkonsu, wanda aka fi mantawa da shi, magungunan ciwon jiki ne: asfirin, ibufurofen, dikulofenak da danginsu. Suna tsananta borin ga kusan kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na masu wannan ciwo. Ba ki faɗa ba, amma zan tambaya: me kike sha idan kina ciwon mara ko ciwon kai? Ki duba ko kumburin leɓen nan guda uku sun zo daidai da waɗannan ranaku. Farasitamol galibi ba ya yin haka. Sai zafi, wanka da ruwa mai ƙuna, matsattsun kaya inda roba ko maɗauri ke cin fata, mura, rashin barci da damuwa. Damuwa ba ita ta haifi ciwon ba, kada wani ya ce miki tunani ne kawai, amma tana ƙara masa kaifi.

Yanzu magani. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne jiran sai jiki ya tashi sannan a sha. Magungunan da ke tare histamin sun fi aiki idan sun riga shi isa wurin, don haka kullum ake sha, ko akwai tabo ko babu. Ana farawa da na zamani waɗanda ba su cika sa barci ba, irin su setirizin, loratadin ko feksofenadin, ƙwaya ɗaya a rana. Idan bayan mako biyu zuwa huɗu bai wadatar ba, ƙa'idar da likitocin fata da na alaji suka amince da ita a duniya ta yarda a ƙara har ninki huɗu. Likita ne zai ƙara, ba ke ba, don sai ya duba lafiyar ƙoda da sauran magungunan da kike sha. Tsofaffin irin su Piriton ban so a mayar da su na kullum, suna sa magagi, suna rage natsuwa wajen tuƙi da aiki. In kina da ciki, kina nema, ko kina shayarwa, ki faɗa tun farko. Loratadin da setirizin aka fi zaɓa a wannan hali.

Firednisolon ɗin nan kuwa, don Allah ki tsaya ki saurare ni. Na san yana aiki kamar yankan wuƙa, wannan ne ma haɗarinsa. Yana danne borin, da an janye shi sai ciwon ya dawo, wani lokaci fiye da da, mutum ya sake sha, a haka har ya zama ba ya iya rabuwa da shi. Abin da ke biyo bayan maimaita shi na watanni ba ƙarami ba ne: fuska ta cika ta yi zagaye, sukari da hawan jini su tashi, ƙashi ya yi rauni, yanar ido ta zo da wuri, jiki kuma ya rage ƙera nasa sinadarin da wannan magani ke kwaikwayo. Matsayinsa shi ne 'yan kwanaki, ba fiye da goma ba, a lokacin tsananin tashi, da iznin likita. Ki gaya wa likitanki adadin sau nawa kika sha a wata takwas ɗin nan ba tare da ragewa ba. Idan ya kasance kin jera makonni kina sha, kada ki yanke shi rana ɗaya, a hankali ake saukowa.

Ga waɗanda ninki huɗu bai ishe su ba, akwai allurar omalizumab, miligiram 300 a ƙarƙashin fata duk mako huɗu, wadda aka amince da ita don wannan ciwo a Amurka da Turai tun 2014. Tana taimaka wa mafi yawan waɗanda aka yi wa, sai dai tana da tsada. Bayanta akwai sikulosforin, wanda ke buƙatar a riƙa auna jini da ƙoda.

Sai tsoron da kika rufe wasiƙarki da shi. Kumburin da ke tafiya tare da irin wannan bori yana da ban tsoro a madubi, amma da wuya ƙwarai ya toshe hanyar numfashi. Duk da haka ki san alamun da ba a jira da su: murya ta dushe farat ɗaya, harshe ya cika baki, yawu ya ƙi haɗiyuwa, numfashi ya riƙa fito, jiri kamar za a suma, ko amai da murɗawar ciki tare da borin. Wannan shi ne mummunan tashin da ke game jiki duka, kuma ƙwayar maganin da ke tare histamin ba ta iya tsayar da shi. Maganinsa allurar adirenalin a gefen cinya ta waje, nan take, a maimaita bayan minti biyar in ba sauƙi. Mutum ya kwanta a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya yi wuya ya zauna, amma kada ya miƙe tsaye, a kuma garzaya asibiti ko da ya ji dama. A can ki roƙi a ɗebi jini don gwajin tiriftes cikin 'yan awannin farko, shi ke tabbatar da cewa ƙwayoyin mast ne suka fashe.

Wanda irin wannan mummunan tashi ke zuwa masa jefi-jefi ba tare da sanadi a fili ba, shi ne ya cancanci a zurfafa masa bincike, don akwai masu ɓoyewa. Akwai alajin jan nama da cizon kaska ke haddasawa, wanda likitoci a Jami'ar Virginia ta Amurka suka bayyana a 2009. Shi ba ya bin agogon da na faɗa, sai bayan awa biyu zuwa shida yake tashi, mutum ya ci nama da dare ya farka tsakar dare yana susa. Akwai wanda alkama ba ta yi masa komai sai in ya ci ya motsa jiki bayan nan. Akwai kuma kumburi zalla ba tare da rudu-rudu ba, wanda magungunan hawan jini masu sunan da ke ƙarewa da "pril" a jikin kwali ke kawowa, ko bayan shekaru ana sha, kuma ya fi samun baƙar fata. Haka ma wani na gado da ke bin dangi. Waɗannan biyun na ƙarshe ba histamin ke yin su ba, suna kuma iya kama maƙogwaro. Tunda naki da rudu-rudu yake zuwa, ban sa ki cikinsu ba, amma in kina shan maganin hawan jini ki nuna wa likita kwalin.

Ciwon yakan tafi da kansa. Ga wasu cikin shekara guda, ga da yawa tsakanin shekara ɗaya zuwa biyar, wasu kuma ya zarce haka. Kafin ranar ganin likita, ki samu ɗan littafi ki riƙa ba kanki maki biyu kowane dare. Na tabo: sifili in babu, 1 in bai kai 20 ba, 2 in tsakanin 20 da 50 ne, 3 in ya haura. Na ƙaiƙayi: daga sifili zuwa 3, ukun shi ne wanda ya hana ki barci ko aiki. Ki tara na kwana bakwai, jimilla ba ta wuce 42. Shida ko ƙasa da haka na nufin magani ya kama. Da wannan lissafi likita zai san lokacin ƙarawa, da shi kuma zai san lokacin fara ragewa idan kin jera watanni jiki shiru.